Sarewar Ƙarfe a Bakin Nata'ala

Duk wanda ya san Nata'ala mai algaita, kumatunsa ya fara sani. Shekara arba'in da 'yan kai yana cika su da iska har suka saki. In ba busa yake yi ba, sai su zubo gefen haɓarsa kamar aljihunan tsohuwar riga. In ya kama busa kuwa, su tashi su kumbura, kowanne kamar ƙoƙon fura, idanunsa su shige ciki. Leɓensa ya yi kanta ya baje, saboda ɗan faifan ƙarfen bakin algaita da yake danne shi tun yana yaro. Haƙoransa biyu na gaba sun daɗe da zubewa. Ba kyakkyawa ba ne, bai kuma taɓa zama ba.

A wani ƙauye kusa da Mabai aka haife shi. Ubansa mabushin mai gari ne, kakansa ma haka. Yana ɗan shekara tara uban ya ba shi sillen kara da ƙwaryar ruwa, ya ce ya yi ta hura kumfa kada ta tsaya, yana jan numfashi ta hanci yana turo wanda ya tara a kumatu. In kumfa ta tsaya ya sha ranƙwashi. Da haka ya koyi abin da ya ci abinci da shi, wato busar da ba ta yankewa. Yakan riƙe murya ɗaya har mai kallo ya gaji ya nemi wurin zama.

Ba mutumin kirki ba ne, gara a faɗa tun yanzu. Algaita magana take yi, kuma mutanen yankin sun san abin da take faɗi. Wanda ya yi kyauta ta yabe shi har kakanninsa. Wanda bai yi ba, Nata'ala ya bi shi da zambo daga rumfar biki har inda ya jingine kekensa, jama'a na dariya. Daga Kankara zuwa Faskari har Sabuwa, mutane da yawa sun ba shi abin da ba su yi niyya ba don kawai ya juya bakin algaitar wani wajen. Yana alfahari da cewa in ya busa a Mabai da hantsi, manoma a ƙauye na uku sukan ɗaga kai daga fartanya.

Wannan alfaharin ne ya cinye shi. Shekara huɗu da suka wuce aka kira shi biki a wata unguwa da ke bakin daji, yamma da Faskari. Ya busa tun safe. Da la'asar 'yan bindiga suka shigo a kan babura, suka kwashi mata har da amarya. Nata'ala ya kwanta rub-da-ciki a gonar dawa, algaitar na ƙarƙashinsa. Bayan wata biyu, wata mata da aka sako ta ce ta ji ɗayansu yana dariya yana cewa ba su ma san da bikin ba, busa suka jiyo suka biyo. Ko ta ji ko ba ta ji ba, maganar ta zauna. Daga nan ba wanda ya sake kiransa. Biki ya koma cikin gida, da rana, ƙofa a rufe, a gama kafin la'asar.

Da ƙauyensu ya watse, shi da matarsa Barakatu suka dawo cikin Kankara, suka kama ɗaki ɗaya a gidan haya mai iyali bakwai. Abin da Barakatu ta fito da shi tukunya ce da akuya ɗaya, wadda ta jawo da igiya tun daga ƙauye. Shi kuma jakar algaita. Ya rataye ta a ƙusa, ya koma ɗinke bakin buhunan masara a kasuwa.

Wata ranar Laraba Hajiya Adama ta aiko a kira shi. 'Yar mai garin nan ce da ubansa ya yi wa busa, yanzu ta tsufa, tana cinikin hatsi a cikin gari. Gidansu yana da take, kuma al'adarsu ce amarya ba ta tsallake dokin ƙofa sai an busa shi. Uban Nata'ala ya busa wa Hajiya ranar da aka kai ta ɗaki, Nata'ala ya busa wa 'ya'yanta duka.

Ya same ta a kan tabarma tana tsince wake. Ya durƙusa.

"Sarkin Busa, ashe kana raye."

"Ina raye, uwar ɗakina, Allah ya ja da ranki."

"Sa'adiya jikata za a kai ɗaki nan da sati uku. Ita ce ta ƙarshe a hannuna. Ka san al'ada."

Kumatun Nata'ala suka motsa. "Na sani, Hajiya. Gobe ma in kin ce."

"Tsaya tukuna. Waccan jakar taka ba za ta shigo mani layi ba. Maƙwabtana sun ce in suka ji ta, su za su fara jifan gidan kafin mutanen daji su iso. Ka nemo abin da zai yi taken, amma muryarshi kada ta wuce katangar nan."

"Hajiya, take ai na algaita ne."

"To shi ke nan. Adnan yana da shi cikin waya, ya ɗauka tun bikin yayarta. Sai a kunna."

Adnan ɗanta ne na ƙarshe, magidanci, mai shagon sayar da wayoyi.

"Waya ba ta da huhu, ranki ya daɗe."

"Ba ta kuma kiran kowa daga daji," in ji Hajiya, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ya fito ya san abin da ke gabansa. In waya ta yi taken sau ɗaya amarya ta fita lafiya, an gama da gidansu na mabusa, an rufe. Ya yi tunanin sarewar kara, ya watsar. A wannan zamanin wanda aka ji yana busa sarewar kara a cikin gari, sai ya yi wa 'yan sa-kai bayanin wanda yake kira. Wani direba a tasha ne ya ba shi labarin Malam Mas'ud, tsohon malamin makarantar kwana wanda ya koya wa ɗalibai badujala. An rufe makarantar, shi ma ya yi ritaya, yanzu yana baza tsofaffin littattafai da tabarau a kasuwar 'Yankara. Direban ya ce ya ga wata sarewar ƙarfe a wurinsa, irin ta Turawa, mai murya kamar ta kurciya.

Ranar kasuwa da safe, Barakatu ta tafi kai niƙa. Nata'ala ya kwance akuyar ya jefa ta bayan mota. Suka bi ta Sheme, fasinjoji kowa ya yi shiru yana kallon bakin daji, akuyar kaɗai ke kuka. A 'Yankara ya sayar da ita ga mai saye na farko, ya nemi rumfar Malam.

Malam Mas'ud siriri ne, mai furfura, yana jan ƙafa ɗaya. Ya dubi kumatun da suka tsaya a gabansa, ya daɗe yana kallo.

"Sarkin Busa da kanshi," ya ce. "Bismillah, ga benci."

Ya jawo wani ɗan baƙin akwati da gefensa ya ɓare. A ciki ga ƙarfe kashi uku a kwance kan ƙyalle shuɗi da ya koɗe. Ya harhaɗa su, ya ɗaga ta a gicciye, ya tsuke baki kamar mai hura kunun jariri. Murya ta fito, siririya, mai sanyi, ba ta kai rumfar mai tattasai da ke gefe ba.

"Tawa ce, ba ta makaranta ba," in ji Malam. "Ta 'yan koyo ce. Da ita nake fara wa 'yan aji ɗaya. Ta sha hannu, amma ba inda take yoyon iska. Karɓi ka gwada."

Nata'ala ya karɓa, ya yi mata abin da ake yi wa algaita in za a saya. Ya ɗaga ta sama ya leƙa cikinta ta hasken rana. Ya sansana. Ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara. Ya ƙirga madannan da ke jere a jikinta, kowanne da ɗan murfinsa, ƙarƙashin kowane murfi da ɗan matashi fari mai laushi da ke toshe ƙofar iska.

"Duk waɗannan na mene ne? Tawa huda huɗu gare ta, na ci garuruwa da ita."

"Sa ta a baki, Sarkin Busa. Ba a sayen wannan da ido."

Nata'ala ya girgiza kai. Dokar ubansa ce: mabushi ba ya sa baki inda bakin wani ya sauka sai ya kai gida ya wanke ya yi turare. An sha lalata wa mutum leɓe da magani ta bakin algaita. Ga shi kuma kasuwa ce, mutane sun fara tsayawa suna nuna shi. Ba zai yi gwaji gaban masu sayar da albasa ba.

Malam Mas'ud ya sake duban leɓen nan da ya baje, da gurbin haƙoran. Ya ce, "To bari in gaya maka abu uku game da ita. Na farko, ruwa..."

"Malam, kana da ɗan wando a makaranta nake busa. Abin da ɗan aji ɗaya ya iya ne za a zaunar da ni a karanta mani? Faɗi kuɗinka."

Malam ya karɓi sarewarsa. Akwai abin da yake tunawa wanda Nata'ala ya daɗe da mantawa. Shekara talatin da wani abu da suka wuce, a wani biki a Sabuwa, Nata'ala ya bi wani matashin malami mai ɗingishi da algaita, tana cewa malamin boko, aljihu sai alli. Ya bi shi har bakin titi, a gaban yarinyar da yake nema. Malam ya yi murmushi, ya kwance sarewar kashi uku, ya goge kowanne da tsumma, ya rufe akwatin.

"Gaskiyarka," ya ce. "Wa zai koya wa Sarkin Busa?"

Da ya iso gida Barakatu na tsaye a bakin turke, igiya a hannu. Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta taɓa zama mai yawan magana ba.

"Malam, ina akuyata?"

Ya ajiye akwatin a kan tabarma ya buɗe. "Ga ta nan."

Ta sunkuya ta duba. "To. Allah ya sa ta haihu."

Yatsu ba su ba shi wahala ba. Yatsun mabushi ne, cikin kwana uku suka gano hanya. Ya tuna yadda hannun Malam ya zauna, ya yi ta dannawa yana sauraron ɗan ƙaran da kowane murfi ke yi in ya rufu, har ya jera taken gidan Hajiya, wanda dama gajere ne, murya biyar ce ke zagayawa. Abin da ya ƙi shi ne bakin. Algaita cusa ta ake yi, a haɗiye ɗan hakin busawa da ke kanta cikin baki, a danna leɓe jikin faifai, kumatu su yi aiki. Wannan kuwa ba abin cusawa. Rami ne kawai a gefe, ana so a tsuke leɓe a aika masa iska siririya kamar zare. Leɓen Nata'ala ya manta yadda ake tsukewa. Da ya ja numfashi kumatun su tashi da kansu, iskar ta kwararo ta gurbin haƙora, ta bi ko'ina ban da inda ake so. Abin da ke fita fuuu ne kawai, da feshin miyau.

Gidan haya ba ya ɓoye komai. Talatu mai ƙosai, wadda ɗakinta ke kallon nasu, takan ɗaga murya daga bakin murhu.

"Barakatu, tayar wa ke sacewa a ɗakinku?"

Wata ta amsa daga bayan gida, "Ba taya ba ce, kumurci suka ɗauko haya."

"Baba Nata'ala, in iskar ta yi maka yawa zo ka hura mani wuta, itacen ɗanye ne!" in ji Talatu.

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sa a yi wa wasu dariya ya ja labule ya ci gaba da fuuu. Ya gwada ɗaure kumatun da rawani. Ya gwada toshe gurbin haƙoran da ƙaro. Leɓen ya tsage ya yi jini.

Rana ta goma sha ɗaya, yana dawowa daga sallar azahar, ya ji ta tun daga zaure. Murya siririya mai sanyi, irin ta rumfar Malam. Ta hau, ta sauko, ta yi tuntuɓe, ta sake hawa. Taken gidan Hajiya ne. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Matan gidan duk sun yi tsit a tsakar gida, Talatu riƙe da matsami.

Ya ɗaga labule. Barakatu ce zaune a bakin gado, ta riƙe sarewar a karkace, gwiwar hannu a sama kamar mai tatsar nono.

Ta sauke ta ba tare da ta razana ba. "Kwana huɗu ke nan, duk in ka tafi masallaci. Na ga inda kake sa yatsu. Ba abin da ya same ta, Malam. Kamar hura bakin kwalba ne."

Ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Ka ji ni. Cikin gida za a yi, mata ne zalla. Ka naɗa rawaninka ka zauna gefena, ka ce kai ka koya mani, ai ba ƙarya ba ne. Shekara talatin da biyar ina jin taken nan har cikin barci. Gidanku ne dai ya busa. Hajiya ba za ta ƙi ba."

Wannan ce kaɗai ƙofar da ta buɗe masa a cikin sati ukun nan, kuma ya gan ta sarai. Ya fizge sarewar daga hannunta.

"Taken mai gari a bakin mace? Kin san abin da ya sa ta amsa maki? Bushewa ta yi. Ta daɗe a akwati. Busasshen abu ƙaramar iska yake ɗauka, irin taku. In ta sha gyara za ta ɗauki ta namiji."

Gyaran da ya sani shi ya yi mata. Algaita in ta daɗe a rataye jiƙa ta ake yi, itacen ya sha ruwa ya kumbura, tsagar da ke jiki ta rufe, hakin ya yi laushi. Sai a bi cikinta da man shanu, a liƙe mahaɗa da kakin zuma. Ya ɗauko bahon wanki ya zuba ruwan ɗumi, ya nutsar da ƙarfen kashi uku, ya danne da dutse, ya bar su suka kwana. Da safe 'yan matasan nan farare na ƙarƙashin murfi sun kumbura, wasu sun ɓalle suna yawo a saman ruwa kamar ɓawon gyaɗa. Ya tsame su da hannu ya watsar. Ya narka man shanu ya ɗura, ya bi kowane murfi da gashin kaza. Ya liƙe mahaɗan da kaki. Daga nan ya kai ta wurin baduku aka yi mata riga ta jar fata da tuntaye, aka bar wa madannan tagogi, don kada a ce Sarkin Busa ya shiga gidan biki da ƙarfe tsirara.

Ta yi kyau ƙwarai. Ya busa, ta ce fuuu.

Ya miƙa wa Barakatu. "Gwada mana, gwana."

Ta tsuke baki ta hura. Fuuu. Ta gyara riƙo ta sake. Iskar na fita ta ƙarƙashin kowane murfi, mai na biyo yatsunta. Ta ajiye ta dube shi. Wani sanyin daɗi ya ratsa zuciyar Nata'ala, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya ɗaga labulen nan. Ko ya san abin da ruwa zai yi, ko bai sani ba, shi da Allahnsa. Barakatu dai ta goge hannunta a zani ta fita, ba ta ƙara tanka masa a kan sarewa ba.

Ana saura kwana huɗu biki ya koma 'Yankara don ya ce an sayar masa da matacciya. Malam Mas'ud ya karɓi abin cikin jar fata, ya juya shi, ya kai hanci.

"Miya ka yi da ita?"

"Gyara na yi mata. Dama can ba ta busuwa."

Malam ya ɗaga murfi ɗaya da farce, ya nuna masa ƙarfe tsirara inda matashin yake a da. Ya ɗaga na biyu, na uku. Bai yi dariya da ƙarfi ba, kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

"Abu uku na so gaya maka. Na farko, ruwa ba ya taɓa ta. Na biyu, mai ba ya taɓa ta."

"Na ukun fa?"

"Na ukun leɓenka. Tun da ka zauna a bencin nan na san ko shekara za ka yi ba za ta amsa maka ba. Da ka sa ta a baki a gabana, da ka koma gida da kuɗinka."

"To ka gyara ta. Akwai mai iya busawa a gidana."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Malam ya ɗaga gira.

"Ashe? To ka yi wa mai iyawar ta'aziyya. Waɗannan matasan ba a yin su a ƙasar nan, mai sa su ma sai ka je birni ka yi cigiya." Ya miƙa masa sarewar da hannu biyu. "Ni ba abin da zan iya yi maka, Sarkin Busa. Ka san mu malaman boko. Aljihu sai alli."

Nata'ala ya dube shi, ya dubi ƙafar, sai a lokacin ya tuna.

Duk da haka ya je bikin. Ya sa babbar rigarsa ta da, ya naɗa rawani, ya rataya sarewar. Yana ganin ko Allah zai sa a gaban jama'a bakin ya tuna wani abu. Tsakar gidan Hajiya cike da mata, an rufe ƙofar waje, ana magana ƙasa-ƙasa. Barakatu na can gefe cikin masu wanke kwanuka. Bayan azahar aka fito da Sa'adiya a lulluɓe, tana kuka irin na amare, aka tsayar da ita gab da dokin ƙofa. Wata budurwa ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto mai motsi. Hajiya Adama daga kan kujerarta ta ce, "Bismillah, Sarkin Busa."

Ya ɗaga sarewar a gicciye. Kumatun suka tashi. Fuuu. Ɗigon man shanu ya sauko daga ƙarshenta ya faɗa kan takalmin wata ƙawar amarya.

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai gidan ya ɗauka. Har amarya kafaɗunta suka canza irin rawar da suke yi a ƙarƙashin mayafi. Ya sake gwadawa, ya sake. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juya ta ɗaga wa Adnan yatsa, wanda dama yana tsaye a bakin zaure da waya da 'yar lasifika kamar sabulu. Ya danna, ya rage murya.

Taken ya fito. Busar Nata'ala ce ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, cikakkiya, ba yankewa, an matse ta ta koma daidai tsakar gida. Nata'ala ya sauke sarewar ya juya zai bi ta bayan mata ya fita.

"Ina za ka?" in ji Hajiya. "Ana ɗauka. Dangin ango za su gani. Mayar da ita baki."

"Hajiya..."

"Cika kumatun, Nata'ala. Su dai ai suna aiki."

Ya mayar. Ya cika su. Ya ja numfashi ta hanci ya turo na kumatu kamar yadda ubansa ya koya masa a kan ƙwaryar ruwa, yatsunsa suna bin muryar wayar ba kuskure ko ɗaya. Mata suka taso suna yi masa liƙi a goshi suna dariya, wata ta sa yatsa ta latsa kuncin ta ji taurinsa. Sa'adiya ta tsallake dokin ƙofa. Aka yi guɗa ɗaya gajera, Hajiya ta ce ya isa.

A gida Barakatu ta zazzage aljihun babbar rigar tun kafin ya gama tuɓewa. Ranar kasuwa ta sayo 'yar akuya, ta ɗaure ta a turken Talatu, ba a nasu ba.

Hoton ya zaga wayoyin gari. Abin mamaki, aka fara kiransa. Masu biki sun ga abu ne mai sauƙi, ba ya jawo kowa daga daji, ga shi yana sa baƙi dariya. A wata shida ya je biki fiye da waɗanda yakan je a shekara guda can da. Adnan yakan tura muryar ga duk wanda ya tambaya. Nata'ala ya tsaya a tsakar gidan mutane da jar sarewarsa, ya kumbura, ya yi gumi, yatsu na tafiya. Ba ya wasa da aikin. In mai waya ya tsayar da muryar a tsakiya don a ga yadda zai yi, sai ya daskare a haka har a sake kunnawa. Algaitar na nan a ƙusa, ɓera ya cinye fatar bakin jakar.

Bayan sallar layya kiran ya fara raguwa. Talatu ce ta kawo dalili, ta dawo daga suna a Sabuwa. Ta ce can sun samu wani mahauci mai manyan kumatu, yana riƙe guntun bututun ruwa da aka naɗe da jan ƙyalle, ana kunna masa muryar nan dai. Ɗan gari ne, ba sai an biya masa mota ba. Ta faɗa a tsakar gida da ƙarfi don a ji a bayan labule.

Can Nata'ala ya leƙo, kumatun a zube.

"Yatsunshi suna tafiya daidai?"

Barakatu na durƙushe tana ba akuyarta dusa. Ba ta ɗago ba.

"Wa ke kallon yatsu?" ta ce.